Supa Gulu, Makullin Yaya da Ƙaryar da Na Yi wa Anti

'Yan uwa ɗalibai, musamman 'yan Jalingo masu fama da keke daga Roadblock zuwa ATC kullum safiya. Rubutun nan zai ɗan yi tsawo, ku yi haƙuri da ni. Na daɗe ina son rubuta shi, kunya ce take hana ni. Jiya ne na ga wani ɗan aji ɗaya a bakin get yana ɗiga supa gulu a kan cajar wayarsa, har da cije leɓe, sai na ce to, lokaci ya yi da zan tona wa kaina asiri ko wani zai tsira.

Ni dai a gidan yayana nake zaune a Mayo Gwoi tun da na samu gurbin karatu a Jami'ar Jihar Taraba. Shi yake biya mini kuɗin makaranta, matarsa kuma, wato Anti, ita take ba ni abinci safe da dare ba tare da ta taɓa ɓata rai ba. Yaya ma'aikacin gwamnati ne, kuma kun san albashi. Motar da yake da ita tokunbo ce, sai da ya haɗa adashe biyu da rance kafin ya saye ta. Ranar da aka kawo ta har walima aka yi ta shayi da biredi.

A daminar bara, ina aji uku, aiki ya kai Yaya Gembu na kwana biyar. Wanda ya san hanyar Mambila ya san ba wurin da za ka ce bari in je in dawo ba ne, yini guda kake yi a hanya, ga hawan dutse. Da motar ofis suka tafi. Anti kuma lokacin cikinta ya shiga wata tara. Da asuba kafin ya fita ya kira ni, ya miƙo mini makullin ya ce, "Auta, ga wannan. Ba don yawo na ba ka ba. In abu ya taso wa Antinka, ko da tsakar dare ne, kai ne direba. Kada motar nan ta bar ƙofar gida sai don wannan."

Na ce, "In sha Allahu, Yaya."

Kwana biyu na riƙe wannan in sha Allahun. A rana ta uku sashenmu yana da taron ɗalibai, irin wanda kowa yake cin ado, a ɗauki hotuna. Shaiɗan ya zo ya zauna mini a kafaɗa. Na ce wa Anti zan kai motar wanki in ƙara mata mai, don kada a zo ana nema babu. Har addu'a ta yi mini, ta ce Allah ya yi albarka. Wannan ita ce ƙarya ta farko.

Ku da kanku kun san abin da makullin mota yake yi wa ɗalibi. Tafiyarka ma canzawa take yi. Na faka a gindin wani dogon yaro kusa da ajinmu, na danna rimot ta yi ƙyuk-ƙyuk, na sake dannawa duk da na san ta rufu, don wanda bai ji ba ya ji. Na saƙala makullin a ɗan yatsa ina juya shi ina gaisawa da mutane. Waɗanda ba su taɓa amsa sallamata da kyau ba ranar har da "ranka ya daɗe". An ce kayan aro ba ya rufe katara, amma ranar ni kam ji nake ya rufe har da saura.

Wajen ƙarfe biyu muna saukowa daga matakala, ina cikin juya shi, sai ya kuɓuce. Ya daki siminti, ya yi tsalle, ya sake dakan wani. Da na ɗauka sai na ga robar ta tsage daga wuya, daidai inda ƙarfen makullin yake shiga. Ƙarfen yana lilo kamar haƙorin yaro. Na danna rimot, yana aiki lafiya lau. Ku riƙe wannan: a daidai lokacin nan babu abin da ya lalace sai roba. Da na tsaya a nan, da labarin bai kai a rubuta ba.

Amma abin da ya zo mini a rai shi ne kada Yaya ya gani. Abokina ɗan Zing ya ce, "Kai, wannan ai ƙaramin abu ne, supa gulu kawai." Na ruga shagon bakin get na sayo guda ɗaya. Muka zauna a gindin dogon yaron. Na huda bakin da ƙusa, na matsa, bai fito ba. Na ƙara matsawa da ƙarfi, sai ya ɓulɓulo gaba ɗaya kamar an buɗe famfo. Ya bi tsagar ya shige ciki, ya malale kan maɓallan, ya gangaro mini a yatsu.

Wani ya ce a sa auduga a tsotse shi. Aka samo audugar goge kunne aka ɗora. Wallahi sai ga wani ɗan hayaƙi yana tashi, audugar ta yi zafi ta ƙone mini fatar babban yatsa, ta daskare a jikin makullin kamar dutse. Ina ƙoƙarin cire ta sai na ji babban yatsana da manuni sun zama abu ɗaya. Ga ni zaune cikin shadda mai guga, yatsu biyu a manne, makullin Yaya ya yi gemun auduga, 'yan ajinmu suna dariya har da masu ɗaukar bidiyo.

Daga baya na zauna na karanta game da wannan abu, saboda wanda ya kayar da kai ya kamata ka san sunansa. Sinadarin ana ce masa sayano'akirilet. Wani masanin kimiyya ɗan Amurka, Harry Coover, shi da abokan aikinsa suka ci karo da shi a 1942, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, suna neman roba mai haske da za a yi abin saitin bindiga da ita. Suka ajiye shi gefe saboda yana manne wa duk abin da ya taɓa. Sai a 1951 aka sake waiwayarsa, aka fara sayar da shi a 1958. Abin da ya kamata kowa ya sani shi ne danshi ne yake daskarar da shi. Shi ya sa yake kama fatar mutum cikin daƙiƙoƙi, don fata ba ta rabuwa da danshi, balle tafin hannun mai gumin tsoro a daminar Jalingo. In kuma ya haɗu da auduga, daskarewar tana yin sauri sosai har ta fitar da zafin da zai iya ƙona mutum. Wannan hayaƙin da muka gani ke nan.

Yatsuna dai wata 'yar ajinmu ce ta cece su. Ta hana ni fizga, ta ce fatar za ta yage. Ta karɓo ruwan ɗumi wurin mai shayi, aka sa sabulu na jiƙa, ta kawo man shafawa, na riƙa murzawa a hankali har suka rabu. Allah ya saka mata da alheri.

Makulli kuwa ya bushe. Maɓallan sun ƙame, ko motsi ba sa yi. Wani farin abu kamar garin alli ya lulluɓe baƙar robar, kuma a tsakiyarsa ga zanen babban yatsana ya fito raɗau. Ashe tururin supa gulu ne yake sauka ya bar wannan farin, kuma da irin wannan tururin masu binciken laifi suke fito da zanen yatsun ɓarayi. Ka ji fa. Na sayo abu don in ɓoye laifina, shi kuma ya buga mini tambari a kai.

Nan ma da na tsaya, da da sauƙi, don ƙarfen ya kamu, motar za ta tashi. Amma zuciya ta ce a buɗe a goge cikin. Aka samo ruwan goge jan farce. Gaskiya ne asiton da ke cikinsa yana narkar da supa gulu, sai dai babu wanda ya gaya mini yana cin irin wannan robar ma. Robar ta yi laushi, ta yi dabbare-dabbare. Na sa wuƙar yanke farce na ɓanɓara da ƙarfi, sai ji na yi ƙaras. Gidan makullin ya rabu uku. Ɗan koren fanel ɗin ciki ya fito duk gulu, wuƙar ta karce shi, batirin nan mai kamar kwabo ya gangara cikin ciyawa. Na tsince fanel da ƙarfen na sa a aljihu, gutsattsarin robar kuma na yi jifa da su cikin haushi.

Garin neman gira na fara rasa ido, amma ban sani ba tukuna.

Na buɗe ƙofa da ƙarfen. Na ari filaya wurin wani mai keke, na kama ƙarfen na murɗa. Mota ta yi gur-gur-gur, ta ƙi tashi. Na sake, haka. Wata 'yar jar fitila tana ta ƙiftawa a gaban sitiyari, ban kula ta ba. Kafin ka ce me, injiniyoyi sun taru. Wannan ya ce batir ne, wancan ya ce fulogi, wani ya ce famfon mai, wani ya ce a tura, aka tuna masa otomatik ce. Har magariba muna abu ɗaya. Masu "ranka ya daɗe" duk sun watse, daga ni sai abokina. Na je na roƙi wani dattijo mai gadi ya sa mini ido a kanta. Ya ce, "Ɗana, je ka, Allah ya kai mu gobe."

Na hau keke na koma gida. Anti tana zaune a tabarma ta miƙe ƙafafu, ta ce, "Auta, ina motar?" Na ce batir ne ya mutu a wurin wanki, na bar ta wurin bakanike, gobe da safe za a kawo. Ƙarya ta biyu. Ta ce, "Ikon Allah. To Allah ya sa kada a buƙace ta yau." Ta tura mini tuwo. Ban iya cin ko loma uku ba.

Misalin ƙarfe ɗaya da rabi na dare, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, na ji ana buga mini ƙofa. Anti ce, ta dafa bango, tana cewa bayanta da mararta. 'Yan uwa, ban taɓa jin tsoro irin na wannan daren ba. Na fita cikin ruwa ba takalmi, na dinga dukan ƙofar maƙwabcinmu mai keke har ya tashi. Matarsa ta fito ta riƙe Anti. Muka shiga keke, ruwa yana feso mu ta gefe, labulen ba ya tare komai, kowane rami muka faɗa sai Anti ta ce "Ya Salam". Ni ina gaba kusa da direba, ƙarfen makullin yana soka mini cinya ta cikin aljihu. Abu ɗaya aka ce in yi. Saboda wannan daren kaɗai aka bar mini mota. Ina ta faɗa a raina, ya Allah, in wani abu ya same ta ko abin da ke cikinta, da wane ido zan kalli Yaya?

Allah ya rufa asiri. A asibiti suka duba ta suka ce naƙuda ba ta tsaya ba tukuna, suka riƙe ta har asuba suka sallame mu.

Ban runtsa ba. Gari na wayewa na nufi Hammaruwa Way wurin wani mai gyaran waya da na sani. Ya ɗora fanel ɗin a ƙarƙashin fitila, ya girgiza kai ya ce gulu ya shiga cikin 'yan maɓallan ya daskare, wuƙa kuma ta yanke layi biyu. Ya tura ni wurin wani mai yankan makullin mota. Shi wannan da ya ji bayanina, tambaya ɗaya ya yi mini: "Samari, ina cip ɗin?"

Na ce, "Wane cip, Oga?"

Ya yi dariya ya zaunar da ni. Ya ce irin wannan makullin abu uku ne a gida ɗaya. Akwai ƙarfen da ke murɗa kan mota. Akwai rimot mai buɗe ƙofa da rufewa, shi ne mai amfani da batir. Sai kuma wani ɗan mitsitsin abu baƙi, bai fi ƙwayar wake ba, da ke maƙale a wani lungu cikin robar. Shi ba ruwansa da batir. In ka sa makulli ka murɗa, wani zobe da ke kewaye da ramin makullin shi yake ba shi wuta ta iska, ya tambaye shi lambarsa. In lambar ta yi daidai da wadda kwamfutar motar ta sani, ta tashi. In babu shi, ko za ka kwana kana murɗawa ba za ta tashi ba, don a wurinta kai ɓarawo ne. Jar fitilar da na ga tana ƙiftawa abin da take gaya mini ke nan.

Na ce to in ya ɓata fa? Ya ce sai a sayi sabo a haɗa shi da kwamfutar motar, kuma in babu wani makullin mai aiki, aikin ya fi wuya ya fi tsada. Da ya faɗi kuɗin sai da na nemi wurin zama, alhali a zaune nake. Ya fi abin da nake kashewa a zango guda.

Ɗan hakin da ka raina! Na tuna gutsattsarin da na yi jifa da su, na tuna ruwan da aka kwana ana yi. Na kira abokina, muka koma gindin dogon yaro, mu huɗu muna rarrafe cikin laka kamar masu tsintar gyaɗa, masu zuwa lakcar safe suna kallonmu. Wasu a cikinsu jiya suka gan ni ina juya makulli. Mun fi awa ɗaya. Can abokina ya ɗago wani guntun roba a bakin kwata, saura kaɗan ruwa ya tafi da shi. Ga ɗan baƙin abin nan a lungunsa, gulun da ya malala ya riƙe shi gam. Aikin kirki ɗaya da supa gulu ya yi mini ke nan.

Oga ya kankare shi a hankali, ya sa a sabon gidan makulli, ya mayar da ƙarfen. Muka je tare, murɗawa ɗaya ta tashi. Rimot kam ya mutu. Kuɗin sabon gida da na aiki suka cinye kuɗin da na ajiye na hand'awut da na keken wata guda.

Yanzu saura Yaya. Sabon gidan bai yi kama da tsohon ba, rimot ba ya aiki, ramin ƙarya kuma ƙurarre ne. Na zauna a cikin motar a ƙofar gida na fi minti ashirin, sannan na shiga na durƙusa gaban Anti na faɗa mata komai. Ta daɗe tana kallona. Sai ta ce, "Auta, da ma makulli ne? Ba batir ba?"

Na ce, "Makulli ne, Anti."

Ta tashi da ƙyar ta shiga ɗaki, ta fito da jakar da Yaya yake ajiye takardun mota. Ta zuge, ta ciro wani makulli. Sifiya. Ba shi da rimot, amma da cip ɗinsa, yana tayar da mota lafiya lau. Ta ce, "Da ka ce mini makulli ne, da tun magariba ka koma ka ɗauko ta. Ka ce batir, to me zan yi maka da batir?"

Wallahi da ta mare ni da ya fi mini sauƙi. Daren nan gaba ɗaya, ruwan, keken, ramukan, duk maganinsu yana rataye a ɗaki, taku goma daga inda na tsaya na yi mata ƙarya.

Da yamma aka samu Yaya a waya. Na faɗa masa da bakina. Bai yi faɗa ba, kuma wanda ya san yayyenmu ya san shirun ya fi faɗan ciwo. Ya ce, "Roba ce ta fashe, Auta. Ko a hannuna za ta iya fashewa. Ɗaukar motar ma yarinta ce, zan iya haƙuri da ita. Amma ka bar matata ta kwana tana zaton akwai abin da babu." Ya kashe wayar.

Bayan kwana tara Anti ta sauka lafiya, aka samu mace. Yaya ne ya kai ta asibiti da kansa. Makulli bai sake shiga hannuna ba sai bayan wata bakwai, ranar ma aike ne zuwa babbar kasuwa, kuma na dawo kafin lokacin da ya ce. Har yau bai gyara rimot ɗin ba. Na taɓa cewa zan tara kuɗi in saya, ya ce in bar shi. Kullum da safe ina ganinsa yana sa makulli a ƙofa yana murɗawa da hannu, ba ya cewa komai, ni ma ba na cewa.

Ga abin da zan bar muku, don kada wahalata ta tafi a banza.

In gidan makullin mota ya tsage, a naɗe shi da salatif a kai wa masu yankan makulli. Ana sayar da gidan shi kaɗai, a mayar da kayan ciki. Kada a zubar da ko guntu ɗaya na tsohon sai mota ta tashi da sabon.

Supa gulu ruwa ne tsararo, yana bin duk wata kafa. Kada ya kusanci abin da ke da maɓalli ko fanel, waya ce, rimot ne, kalkuleta ce ko kwamfuta. Kuma in ya bushe ƙamewa yake yi kamar gilashi, ba ya jure murɗawa, don haka ko ya kama wuyan makulli ba zai daɗe ba.

In ya manne muku yatsu kada ku fizga. Ruwan ɗumi da sabulu, ko man gyaɗa, a murza a hankali. Wanda ya rage a fata zai fita da kansa cikin 'yan kwanaki. Kada a goge shi da auduga ko da rigar jiki. In ya shiga ido, a wanke da ruwa mai yawa a tafi asibiti, kada a ce za a buɗe idon da ƙarfi.

Na ƙarshe, da yawanmu a gidajen 'yan uwa muke zaune, muna amfani da kayan da ba namu ba. Laftof ɗin yaya, wayar ɗan ɗaki, janaretan kawu. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa, wata rana abu zai lalace a hannunka. In ya faru, kafin ka nufi shago, ɗauki waya ka kira mai abin. Faɗan minti biyar ne. Mai yiwuwa ma yana da sifiya a jaka.

Allah ya ba mu ikon riƙe amana, ya ba mu sa'ar jarrabawar da ke tafe. 'Yar Yaya tana gaishe ku, ta fara tafiya, kuma babu abin wasan da take so kamar makullin babanta.